Filin Likita: Zubar Jini, Ƙarin Ruwa da Ƙuna

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan wata sun yi yawa, sai na tsamo guda huɗu waɗanda suka shafi aikin da nake yi kullum a sashen gaggawa a nan Kaduna. Na taƙaita su saboda fili, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Daga wani direba a tashar Kawo: "Likita, ina jigila tsakanin Kaduna da Zariya. Kwanakin baya wajen Maraban Jos mota ta kaɗe wani ɗan acaba a gabana, jini na tsartuwa daga cinyarsa. Wani ya ce a zuba ƙasa, wani ya ce a ba shi ruwa, wasu kuma hoto suke ɗauka. Na sa shi a motata, kafin mu shigo gari rai ya yi halinsa. Har yau abin na damuna. Me ya kamata in yi? Kuma na ji an ce akwai allurar tsayar da jini, da gaske ne?"

Malam, Allah Ya jiƙansa, kai kuma Allah Ya saka maka da alheri. A cikin taron nan kai ne ka buɗe ƙofar motarka, kada ka ɗora wa kanka laifi. Kwana idan ya ƙare ya ƙare. Amma tunda kan hanya kake kullum, ga abin da nake so ya zauna maka.

Jinin da ke tsartuwa daga cinya ko hannu na babbar jijiya ne, kuma yana iya ƙarar da mutum cikin mintuna kaɗan. Maganinsa na farko hannunka ne. Ka ninke riga ko rawani ko ɗankwali, ka cusa a bakin raunin, ka danne da duk nauyin jikinka, gwiwar hannunka a miƙe. Kada ka riƙa ɗagawa kana leƙawa, domin duk ɗagawa ɗaya tana ɓalle ɗan gudan jinin da ya fara toshe wurin. In tsumman ya jiƙe, ɗora wani a kai ka ci gaba. In ya ƙi tsayawa, kuma raunin a ƙafa ne ko hannu, ka sami ƙyalle mai faɗi, ba igiya ko waya ba, ka ɗaure sama da raunin, ka zura sanda ko sifana ka murɗa har jinin ya tsaya cak. Zai yi ihu, kada ka sassauta. Ka duba agogo ka riƙe lokacin. Da can ana tsoron wannan ɗaurin, ana cewa yana jawo yanke ƙafa, amma abin da likitocin soja suka tattara a yaƙin Iraƙi da Afganistan ya nuna ɗauri na awa ɗaya zuwa biyu ba kasafai yake lalata gaɓa ba, ya kuma ceci mutane da dama. (Wannan na zubar jini ne kawai. Wanda maciji ya sara ba a ɗaure shi haka.)

Ƙasa, fetur da baƙin mai ba sa tsayar da jini, ƙwayoyin cuta suke shigarwa. Ruwan sha ma a haƙura, ko da yana roƙo, domin wataƙila tiyata za a shiga da shi, ruwan kuma yana iya dawowa ya faɗa huhu. Ka lulluɓe shi, saboda jinin wanda jikinsa ya yi sanyi ba ya saurin daskarewa. Ka kuma sani akwai wanda ba za ka ga ɗigon jini a jikinsa ba, yana zuba ne a cikin ciki: gumi mai sanyi, ƙishirwa, leɓe ya yi fari, yana ta mutsu-mutsu. Shi ma na gaggawa ne.

Allurar da ka ji labari gaskiya ce. Sunanta tiranekzamik asid, mu a asibiti TXA muke cewa. Jiki yana haɗa gudan jini don ya toshe rauni, yana kuma da hanyar narkar da gudan. A wajen wanda ya yi mummunan rauni, narkarwar takan yi gaggawa, wannan allurar ita ke taka mata birki. A 2010 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji mai suna CRASH-2, wanda masana daga Landan suka jagoranta, a kan masu rauni 20,211 a asibitoci 274 na ƙasashe 40, har da Najeriya. Da aka koma aka duba lokacin da kowa ya samu allurar, sai abin ya fito fili. Cikin waɗanda aka yi wa a awa ta farko, kashi 5.3 cikin ɗari ne zubar jini ya kashe, waɗanda ba su samu ba kuwa kashi 7.7. Daga awa ɗaya zuwa uku tana da amfani, amma ya ragu. Bayan awa uku ba ta taimaka ba, alƙaluman ma sun nuna tana iya cutarwa. Wani nazari na 2018 da ya haɗa bayanan mutum sama da 40,000 ya ƙiyasta cewa duk jinkirin minti 15 yana zaftare kashi 10 cikin ɗari na amfaninta.

Shi ya sa tambayar da nake fara yi wa duk wanda ya shigo da mai haɗari ita ce, "Ƙarfe nawa abin ya faru?" Sau da yawa amsar ita ce "ɗazu". Ɗazu ba ta gaya mini ko in yi allurar ko in bari. Kai direba ne, agogo na gabanka, ka zo mana da lokaci. Kuma ka wuce da shi kai tsaye asibitin da ke da ɗakin tiyata da ma'ajiyar jini, irin su Barau Dikko ko asibitin sojoji na 44, in kuma kun fi kusa da Zariya, asibitin koyarwa na Shika. Tsayawa a ƙaramin wuri a ɗinke fata a sake ɗaukowa yana cinye awannin nan uku. Lambar jami'an kiyaye haɗurra 122 ce, ta gaggawa ta ƙasa kuma 112, ka ajiye su a waya.

Na san abin da ke sa mutane ja da baya: tsoron a riƙe su, ko a ce sai an kawo takardar 'yan sanda. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa ko da wane dalili, ta kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyu. Dokar 2017 kan waɗanda aka harba da bindiga ta ce a fara magani ko babu takardar 'yan sanda, asibiti ne zai sanar da su daga baya.

Daga wata mai juna biyu a Rigasa: "Likita, cikina wata takwas. Yayata ta rasu bara wajen haihuwa a gida, jini ne ya ɓalle mata bayan mabiyiya ta faɗo. Tsoro ya hana ni barci. Surukata ta ce jinin biƙi datti ne, gara ya fita duka, kuma su duk a ɗaki suka haihu. Ya zan yi?"

Ƙanwata, Allah Ya jiƙan Yaya, Ya raya abin da ta bari, Ya sauke ki lafiya. Tsoronki yana da dalili, kuma akwai abin yi a kai.

Maganar Inna tana da gefen gaskiya: kowace mace tana zubar da jini bayan haihuwa. Amma yana da iyaka. In ya kai mililita 500, wato cikin ledar fiya wata guda, ya tashi daga jinin biƙi ya zama ciwo. Mafi yawan lokaci dalilin shi ne mahaifa ta gaji ta kasa tsukewa. Wurin da mabiyiya ta ɓanɓaro cike yake da jijiyoyi a buɗe, tsukewar mahaifa ce ke matse su. In ta yi laƙwas, jini zai yi ta zuba, mace mai ƙoshin lafiya tana iya tafiya cikin awa biyu. Wadda dama jininta ya yi ƙasa ba ta kaiwa haka.

Matsalar da ta daɗe tana cin mu, har a cikin asibiti, ita ce awo da ido. Jini ya jiƙa zani, ya shige katifa, ya gangara ƙasa, ya gauraya da ruwan haihuwa, ungozoma ta duba ta ce bai yi yawa ba. Kafin a ankara mace ta fara ganin jiri. A 2023 aka fitar da sakamakon gwajin E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata fiye da 210,000. Ina alfahari da wannan aiki domin da hannun namu a ciki: Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano tana cikin jagororinsa. Abin da suka gwada ba na'ura ce mai tsada ba. Leda ce ake shimfiɗa wa mace da zarar ta haihu, mai aljihu a ƙasa da layukan awo, jini yana taruwa ana ganin inda ya kai. In ya kai 500, ko 300 tare da alamar jiki ya fara sauyawa, ba a jira. Kuma maimakon a gwada magani ɗaya a zauna a ga ko zai yi, sai a haɗa su gaba ɗaya: a murza mahaifa ta kan ciki, a yi allurar oksitosin mai tsuke ta, a yi TXA, a sa ruwa a jijiya, a duba ko akwai yagewa ko guntun mabiyiya, a kira babba in abin ya ƙi.

A asibitocin da suka ci gaba da yadda aka saba, kashi 51 cikin ɗari kawai na masu zubar jinin aka gano. A masu ledar, kashi 93. Matan da abin ya yi wa tsanani, wato suka zubar da lita guda ko fiye, ko aka kai su tiyata, ko suka rasu, sun sauko daga kashi 4.3 zuwa 1.6. Ragin kashi 60 cikin ɗari ke nan. A aikin likita ba kasafai ake ganin irin wannan tazarar ba, kuma duk magungunan nan dama suna cikin kabad ɗinmu. Abin da ya sauya shi ne ganowa da wuri da kuma daina jira.

Ita TXA ɗin tana da labari da mata. Wata likita 'yar Japan, Utako Okamoto, ita da mijinta suka samar da ita a farkon shekarun 1960, burinta kuwa shi ne ta hana mata mutuwa wajen haihuwa. Ba ta samu likitocin mata da za su gwada ta ba a lokacin. Sai a 2017 gwajin WOMAN, kan mata 20,060 a ƙasashe 21, waɗanda dubbai daga cikinsu 'yan Najeriya ne, ya nuna in aka yi ta cikin awa uku da haihuwa tana rage mutuwa daga zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Okamoto ta rasu a 2016, shekara guda kafin a sanar. Duk lokacin da na fasa kwalbar nan nakan tuna fiye da shekara 50 da allurar ta yi tana jiran wannan gwaji, mata suna tafiya.

Kada wannan ya sa wani ya sayo ta a kemis a ajiye a ɗaki a ce an yi rigakafi. An gwada hakan ma: a 2024 gwajin WOMAN-2 ya yi wa mata masu ƙarancin jini allurar tun kafin jini ya ɓalle, kan mata kimanin 15,000, ba ta hana shi ɓallewa ba. Aikinta yana cikin haɗin nan ne, a hannun wanda ya iya.

To ga abin da nake so ki yi a wannan makon. Ki koma wajen awo ki ce a auna yawan jininki, ki gaya musu abin da ya sami Yaya. In ya yi ƙasa, har yanzu akwai lokacin gyarawa. Ki san rukunin jininki, maigida ya nemi mutum biyu cikin dangi da za su iya bayarwa, a riƙe lambobinsu. A yi magana da mai mota ko mai keke tun yanzu, wanda zai ɗauki waya ƙarfe biyun dare, domin daga Rigasa zuwa cikin gari ba nan kusa ba ne in ana neman abin hawa a duhu. Ki tambayi ma'aikatan kai tsaye ko suna da oksitosin a firji, domin zafi yana rage masa ƙarfi, da TXA, da ledar awon jini. Ba rashin kunya ba ne, mu ma muna jin daɗin mai tambaya.

Ita kuma Inna, kada ki yi jayayya da ita. Maigida ne zai same ta cikin ladabi, ko ki roƙe ta ta raka ki awo ta ji daga bakin ungozoma. Na sha ganin surukar da ta zo tana tsaki, ta koma ita ce mai riƙe jakar haihuwa. Bayan kin koma gida ma, in kunzugu yana jiƙewa sharkaf cikin ƙasa da awa guda, ko guda-guda manya suna fita, ko jiri, a dawo da ke nan take, ba a jira wankan jego ya gyara.

Daga wani magidanci a Tudun Wada: "Ɗana ɗan shekara uku ya yi zazzaɓi mai zafi har ya galabaita. A asibiti na roƙi a sa masa ƙarin ruwa da sauri, likita ya ƙi, ya yi masa allura ya sa ruwan yana ɗiga kaɗan-kaɗan. Yaron ya warke, alhamdulillahi, amma ni ina ganin sakaci ne. Mai kemis ɗin layinmu da tuni ya ƙarar da leda biyu."

Alhaji, barka da arziki. Ban ga yaron ba, amma daga bayaninka, likitan nan ya yi aiki da ilimi.

Shekara da shekaru duniya ta yarda cewa yaron da zazzaɓi ya galabaitar, hannu da ƙafa suka yi sanyi, a ɗura masa ruwa da sauri. Haka aka koyar da mu duka. Sai aka gwada abin a Yuganda, Kenya da Tanzaniya, a gwajin FEAST, kan yara 3,141, fiye da rabinsu masu zazzaɓin cizon sauro. Masu binciken da kansu sun shiga ne da tsammanin za su tabbatar da amfanin ruwan. A farkon 2011 aka dakatar da gwajin kafin lokacinsa, domin cikin kwana biyu kashi 10.5 cikin ɗari na yaran da aka ɗura wa ruwa da sauri sun rasu, waɗanda aka sa wa a hankali kuwa kashi 7.3. Abin da ya fi tayar mini da hankali a sakamakon shi ne, yaran da aka ɗura wa sun fi nuna alamar farfaɗowa a awa ta farko. Ido ya ga sauƙi, uwa ta ga sauƙi, ma'aikaci ya ga sauƙi, daga baya zuciya ta gaza. Ba don an ƙirga ba, da har gobe muna yi muna ganin taimako ne.

A fahimce ni da kyau. Gwajin bai haɗa da masu gudawa da amai ba, bai haɗa da masu ƙuna ba. Yaron da kwalara ko gudawa ta tsotse, ruwa ne ransa, da sauri ma kuwa. Bambance wannan da wancan shi ne aikin likita, shi ya sa ledar ruwa a bayan kanta, ba awon nauyi, ba gwajin jini, take ba ni tsoro. Mun ɗauki ƙarin ruwa tamkar shi ne alamar an kula da mutum, har wani in bai ga leda a rataye ba sai ya ga kamar kuɗinsa sun tafi a banza.

Allurar da aka yi masa, in maleriya mai tsanani ce, ina kyautata zaton atesunet ce. Gwajin AQUAMAT na 2010, kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, har da Ilori a nan Najeriya, ya nuna mutuwa ta sauko daga kashi 10.9 da kwinin zuwa 8.5 da ita. Ka tabbatar ya shanye ƙwayoyin kwana uku da ake bayarwa bayan allurar.

Daga wata uwa a Hayin Banki: "Ruwan zafi ya zubo wa 'yata a hannu, maƙwabciya ta shafa mata makilin da ɗanyen ƙwai. Daidai ne?"

A'a, Hajiya. Ruwa mai sanyi na famfo ko na randa, a yi ta kwarara a wurin har minti 20 cur, a duba agogo, domin minti 20 ya fi yadda ake zato tsawo. Ko bayan wuta ta bar fata, zafin yana ci gaba da cin naman ciki, ruwan ne ke tsayar da shi. Wani bincike a Ostireliya da aka buga a 2020, kan yara kusan 2,500, ya nuna waɗanda aka yi wa haka cikin awa uku na farko sun fi tsira daga dashen fata. Ban da ƙanƙara, tana ƙara lalata wurin. A cire zobe da awarwaro kafin hannu ya kumbura, rigar da ta manne kuma a bar ta. A lulluɓe sauran jikin yarinyar kada sanyi ya kama ta, musamman lokacin hunturu.

Makilin, ƙwai, manja da gishiri duk sai mun kankare su kafin mu ga zurfin ƙunar, kankarewar nan kuwa azaba ce ga yaro, ɗanyen ƙwai kuma yana iya sa wurin ya ruɓe. Kada a fasa ƙurajen ruwan da suka taso. Tunda a hannu ne, ki kai ta asibiti a duba ko da ƙunar ƙarama ce, domin in yatsu suka warke a manne ko a lanƙwashe, gyaransu sai tiyata. Haka in ƙuna ta taɓa fuska, gaba ko gaɓoɓi, ko ta fi tafin hannun yaron faɗi. Ki rufe wurin da ƙyalle mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, ki tafi da katin rigakafinta don a duba ko tana buƙatar allurar tetanos.